Yadda Aka Rufe Hanyar Dandalin Washington a Birnin Niyu Yok

Duk wanda ya zauna birni ya sani ba abin da ke saurin haɗa maƙwabta gardama kamar hanya. Mai kanti yana so ta bi ta ƙofarsa don masu saye su yawaita, mai 'ya'ya ƙanana kuwa ba ya ƙaunar ya ji ƙugin mota kusa da zaurensa. Galibi irin wannan gardama a gaban mai unguwa ta ke mutuwa, ba mai rubuta ta, ba mai tunawa da ita bayan shekara. Amma akwai wata da aka yi a birnin Niyu Yok na ƙasar Amurka, aka shekara 7 ana fafatawa, daga 1952 zuwa 1959, a kan wata 'yar hanya wadda mai tafiya a ƙasa zai ratsa cikin minti 3, har ta zama abin da masu nazarin tsarin birane su ke komawa gare shi har wa yau. Na ga ya dace in kawo labarinta cikin wannan jeri, musamman sabo da malaman da ke koyar da tarihi da labarin ƙasa, gama a cikinta mutum zai ga yadda a ke yanke shawara a babban birni, da wanda a kan saurara, da wanda a kan yi wa kunnen uwar shegu.

Dandalin Washington fili ne na shan iska, girmansa bai cika eka 10 ba, a tsakiyar unguwar da a ke kira Greenwich Village, cikin tsibirin Manhatan. Daga arewa Titi na Biyar, wanda ya fi kowane titi na birnin suna, ya gangaro har bakinsa. Daga kudu kuwa, a zamanin da mu ke magana, gidajen haya ne na masu ƙaramin ƙarfi, yawancinsu 'yan asalin Italiya, da ƙananan ma'aikatu. Gine-ginen Jami'ar Niyu Yok sun kewaye shi ta gabas da wani sashe na kudu. Sabo da haka dandalin mahaɗa ce: attajiri da lebura, ɗalibi da makaɗi, tsoho mai dara da uwa mai tura keken jariri, duk nan su ke haɗuwa da la'asar.

Filin ya ga zamani iri iri kafin ya zama dandali. Lokacin da Turawan Holan ke mulkin wurin, cikin shekarun 1640, sun yanka gonaki a nan sun ba waɗansu bayi baƙar fata da suka yi wa rabin 'yanci. Sunayen waɗansunsu sun nuna daga Angola da Kwango aka kwaso su. Ba don Allah aka ba su ba: an zaunar da su a bayan gari ne don in 'yan ƙasa na asali sun kawo hari, su za a fara tararwa, kuma kowace shekara sai sun biya gandu, 'ya'yansu kuwa suna nan cikin bauta. Bayan Ingilishi sun karɓe garin a 1664, sannu a hankali gonakin suka fita daga hannunsu. A 1797 hukumar gari ta sayi wurin ta mai da shi maƙabartar matalauta da baƙi, da waɗanda annobar ciwon shawara ta kashe, har a ke ƙiyasin mutum wajen 20,000 ne ke kwance ƙarƙashinsa. A 1826 aka daidaita ƙasa aka mai da shi filin faretin soja, aka sa masa sunan George Washington, shugaban ƙasar na fari.

Ita hanyar da aka yi rigima a kanta ba ta zo ba sai tsakanin 1870 da 1871, zamanin William Tweed, wani ƙasurgumin ɗan siyasa da ya riƙe akalar birnin, wanda daga baya asirinsa ya tonu a kan cin dukiyar jama'a, ya mutu a kurkuku a 1878. A lokacinsa aka sāke fasalin dandalin, aka tsaga hanyar keken doki ta cikinsa don a haɗa Titi na Biyar da titin da ke kudu. Sa'an nan a 1892 aka gama gina wata babbar ƙofa ta farin dutse mai bakan gizo, tsayinta ƙafa 77, a bakin dandalin ta arewa. Da mota ta zo, sai ta gāji hanyar keken doki, ta riƙa bi ta ƙarƙashin ƙofar, manyan bas na Titi na Biyar kuma suka mai da tsakiyar dandalin wurin juyawarsu. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan: sa'ad da aka fara gardama, hanyar ta shekara 80 a wurin. Da wuya a sami mai rai da ya san dandalin ba ita. Abin da mutum ya buɗe ido ya tarar kuwa, da wuya ya iya zaton ana iya kau da shi.

Mutumin da ya ta da maganar shi ne Robert Moses, kwamishinan filayen shan iska na birnin daga 1934 zuwa 1960. Ba a taɓa zaɓensa wani muƙami ba. Sau ɗaya ya tsaya takarar gwamna, a 1934, ya sha mugun kaye. Amma ya tara muƙaman naɗi a hannunsa, har ya riƙe 12 a lokaci guda, kuma kuɗin da masu mota ke biya don ƙetare gadojin da ya gina suna shiga wata hukuma ce da ke ƙarƙashinsa, watau yana da baitulmalin da ba sai ya roƙi majalisa ba. Kada a ɗauka mutumin banza ne. Ya gina filayen wasan yara fiye da 600, ya buɗe wa talakawan birni bakin teku, kuma shekaru da yawa jaridu ba su da gwarzo kamarsa. Sai dai ya gaskata da zuciya ɗaya cewa birni na mota ne, kuma duk abin da ya tare mata gaba sai a ture shi. Abin mamaki, shi kansa bai taɓa koyon tuƙi ba, direba ke jansa.

Tun 1935 ya fara kai wa dandalin hannu. Shirinsa na farko shi ne a faɗaɗa titunan da ke kewaye da shi, a yanke kusurwoyinsa, motoci su riƙa zagaya shi. Mutanen unguwa suka ƙi, maganar ta yi ta tashi tana kwantawa har yaƙin duniya na biyu ya danne ta. A 1952 ya komo da wata: a bar zagaye, a buɗe babbar hanya ta tsakiya. Wannan karon akwai dalilin da ya wuce na mota. Wata doka ta 1949 ta ba birane kuɗin gwamnatin tarayya don su rushe unguwannin da aka ce sun lalace, su ba 'yan kasuwa filin su gina sababbi, kuma Moses ne shugaban kwamitin wannan aiki a Niyu Yok. Ya riga ya sa wa yankin kudu maso gabashin dandalin alama, za a kwashe shi a gina dogayen benaye. In Titi na Biyar ya ratsa dandalin ya ci gaba kudu, sai sababbin benayen su sami adireshin Titi na Biyar, kuɗin hayarsu ya ɗaga. Ruwa ba ya tsami banza.

Wadda ta fara tsayawa ita ce Shirley Hayes, wata matar aure mai 'ya'ya 4, wadda dā 'yar wasan kwaikwayo ce. A jarida ta ga labarin shirin, kamar kowa. Ita da waɗansu mata da ke kai yara dandalin suka kafa kwamiti a 1952, suka bi gida gida, da makarantu, da majami'u, suna neman sa hannu. Cikin shekarar nan Majalisar Kasafi ta birnin ta jingine shirin. Wannan majalisa ita ce mai yanke magana a kan kuɗi da filaye a wancan zamani. Mutum 8 ne: magajin gari, da ma'aji, da shugaban majalisar dokoki, da shugabannin gundumomi 5. An soke ta a 1990, bayan Kotun Ƙoli ta ƙasar ta ce rabon ƙuri'unta ya saɓa wa tsarin mulki.

To, jingine shiri ba abin da ya dami Moses ba ne, ya saba. Ya kan jira masu ƙara su gaji, ya komo. Abin da ya bambanta wannan rigima da sauran shi ne buƙatar da Hayes ta kafa tun da wuri. Ba ta ce a bar hanyar yadda ta ke ba. Cewa ta yi a rufe ta ɗungum, har abada, kuma kada a faɗaɗa titunan kewaye don ramuwa. A ganina nan ne gaɓar labarin duka, sabo da haka bari in ɗan tsaya a kanta.

Muddin gardama ta tsaya a kan fāɗin hanya, to, ciniki a ke yi, mai ciniki da hukuma kuwa ya riga ya fāɗi. Hukuma za ta taya da yawa, jama'a su yi kuka, a rage kaɗan, kowa ya koma gida yana ganin ya yi nasara, alhali an ƙara wa hanya fāɗi. Haka kuwa aka so a yi. A 1955 Moses da Hulan Jack, shugaban gundumar Manhatan, wanda shi ne baƙar fata na farko da ya hau wannan kujera, suka kawo shirin hanya mai layi 4, fāɗinta ƙafa 48, a haƙa ta cikin rami, a ɗora wa masu ƙafa gada. Da aka yi ca, sai Jack ya sauko zuwa ƙafa 36. Mutane da yawa na unguwar, har da shugabannin tsofaffin ƙungiyoyinta, suka ga a karɓa. Ba kuwa wawaye ba ne, ba kuma 'yan koren Moses ba. Hujjarsu ita ce ba wanda ya taɓa ka da mutumin nan, in aka ƙi ƙarama za a sha babba, da babu gara ba daɗi. Suna ganin Hayes mace ce mai taurin kai wadda za ta jawo wa kowa hasara.

Akwai kuma masu tsoro na gaskiya. Mazauna ƙananan titunan gabas da yamma da dandalin suka ce, in an rufe tsakiya, ina motocin za su? Ai ƙofar gidajenmu za su malalo. Titunan nan kuwa matsattsu ne, waɗansu karkatattu, tun na zamanin keken doki. Masu kantuna suna tunanin motocin da ke kawo musu kaya. Kamfanin bas ya ce ba shi da wurin juyawa. Waɗansu suka kawo maganar gobara da marasa lafiya. Duk wanda ya taɓa zama taron unguwa a kan rufe hanya zai gane waɗannan muryoyi, gama sauƙin da mutanen wannan layi ke nema, mutanen layi na gaba suna ganin a kansu za a sauke nauyinsa. Ma'aikatar zirga-zirga ta birnin ta ƙara musu tsoro, ta ce in an rufe, titunan kewaye za su cushe, Moses kuwa ya ce mutanen unguwa da kansu za su zo suna roƙo a buɗe.

A 1958 magana ta kai maƙura, gama hukumar tsara birni ta amince da hanya mai ƙafa 36. Sai ƙungiyoyin unguwa suka haɗu suka kafa kwamitin gaggawa guda, ƙarƙashin Raymond Rubinow. Cikin masu ruwa da tsaki a ciki akwai Jane Jacobs, edita a wata mujallar magina, wadda ke zaune a Titin Hudson na unguwar. Dabararsu ta farko tana cikin buƙatar kanta: a rufe wa kowace mota ban da ta kashe gobara da ta asibiti da makamantansu. Da wannan suka zare wa abokan gardama babbar hujjarsu. Dabara ta biyu, ba su yarda kwamitin ya taɓa wata magana ba sai wannan guda. Mutanen unguwar sun saɓa a kan rushe gidaje, sun saɓa a kan jami'a, sun saɓa a kan jam'iyya. Da an buɗe waɗannan ƙofofi da taron ya watse. Aka kafa tebura a kusurwoyin tituna, yara suka rataya alluna suna neman sa hannu, har aka tara wajen 30,000. Jaridar unguwa, Village Voice, wadda aka kafa a 1955, ta riƙe maganar mako mako. Manyan mutane suka sa baki: Eleanor Roosevelt, matar marigayi shugaban ƙasa, wadda ta zauna a bakin dandalin daga 1942 zuwa 1949, da Margaret Mead, masaniyar al'adun al'umma, da Lewis Mumford, marubuci a kan birane, wanda ya kira shirin ɓarna a kan dukiyar jama'a. Jacobs ta ba da labari daga baya cewa ta ga Moses a wani zaman sauraron jama'a ya fusata, yana cewa ba mai ƙin aikin nan sai wani gungun iyaye mata, ya fice.

Duk da haka ba na tsammani sa hannu da manyan sunaye kaɗai za su isa. Abin da ya karya ƙashin bayan shirin siyasa ce tsagwaronta. A lokacin Carmine DeSapio ne uban jam'iyyar Dimokuraɗiyya na Manhatan, shugaban ƙungiyar nan ta Tammany wadda Tweed ya taɓa riƙewa, kuma yana cikin waɗanda suka ɗora magajin gari Robert Wagner da Hulan Jack a kan kujerunsu. Amma duk girman nan nasa a kan ƙaramin tushe ya ke: sai ya ci zaɓen shugaban jam'iyya na mazaɓarsa, mazaɓar kuwa ita ce Greenwich Village. Ga shi wasu matasa masu neman gyara sun taso suna neman tumɓuke shi a gida. 'Yan kwamiti suka gane inda ƙaiƙayi ya ke. Suka sa kowane ɗan takara ya faɗi matsayinsa a kan hanyar, 'yan gyara suka rungume ta, DeSapio ya ga in ya yi shiru za a yi masa sakiyar da ba ruwa. A watan Satumba na 1958 ya tafi gaban Majalisar Kasafi da kansa, abin da ba ya yi, ya nemi a rufe. Mutanen da ke zaune a majalisar kuwa da yawansu shi ya yi musu riga da wando. Abin dariya a nan, Eleanor Roosevelt ba ta da abokin gāba a jam'iyya kamar DeSapio, tun da ya hana ɗanta takarar gwamna a 1954, amma ga su a sahu ɗaya. Wannan bai cece shi ba, an ka da shi a mazaɓar a 1961.

Cikin Oktoba 1958 majalisa ta ba da umurni a rufe hanyar don gwaji, ban da bas da motocin gaggawa. A farkon Nuwamba mutanen unguwa suka yi biki a gindin ƙofar dutse. Al'adar hukuma in za a buɗe sabuwar hanya a kan yanke ƙyalle da almakashi. Su sai suka ɗaura ƙyalle, bayan wata mota da aka rubuta wa “ta ƙarshe” ta wuce. A watan Afrilu na 1959 majalisa ta tabbatar da rufewar. Da bazara aka yi wani bikin dare, aka ƙone motar kwali.

Saura tambayar da ta raba unguwa: ina motocin suka tafi? Cunkoson da aka yi alkawari bai zo ba. Jacobs ta rubuta cikin littafinta na 1961 a kan mutuwa da rayuwar manyan biranen Amurka cewa ƙirgen da aka yi a titunan kewaye bai nuna ƙari ba, har ma an ga ɗan ragi. Injiniyoyin wancan zamani suna ɗaukar motoci kamar ruwan rafi ne: yawansa ɗaya, in ka datse nan sai ya ɓalle can. Kuskuren wannan misali shi ne ruwa ba ya shawara, direba kuwa yana yi. In hanya ta yi wuya, wani ya bi ta nesa tun daga farko, wani ya shiga jirgin ƙasa na ƙarƙashin gari, wani ya sāke lokaci, wani ya haɗa aike biyu cikin tafiya ɗaya, wani ya fasa tafiyar da dā ma ba ta zama dole ba. Ɗaya fuskar wannan kuwa Moses ya daɗe yana ganinta bai yarda ba: babbar gadar Triborough da ya buɗe a 1936 don ta rage cunkoso, ba a jima ba ta cika, tsofaffin gadoji kuma ba su yi sauƙi ba. Sabuwar hanya tana haifar da sababbin matafiya.

An daɗe kafin masana su karɓi wannan. Wani bincike da Sally Cairns da abokan aikinta suka buga a Ingila a 2002 ya duba wurare fiye da 70 a ƙasashe dabam dabam inda aka rufe hanya ko aka rage ta, ya ga a matsakaicin wuri wajen kashi 11 cikin 100 na motocin sun ɓace daga yankin ɗungum. Amma fa kada malami ya koya wa ɗalibansa cewa ko'ina aka rufe hanya haka za a gani. Binciken kansa ya nuna wurare sun bambanta ƙwarai, har akwai inda motoci suka ƙaru. Greenwich Village tana zaune ne a kan layukan jirgin ƙasa da yawa, mazaunanta da dama ba su da mota ma, ga kuma manyan tituna gabas da yamma. Inda mutum ba shi da wata mafita sai hanya guda, tsoron mazauna layi na gaba ba tsoron banza ba ne. Fa'idar abin da aka yi a 1958 ita ce an gwada, an ƙirga, maimakon a ci gaba da musu a kan abin da ba wanda ya gani.

Masu ba da wannan labari sun fi son su rufe shi da cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Ni ban gamsu ba, dalilina kuwa yana gundumar Bronx, arewacin wannan birni, cikin waɗannan shekaru. A watan Disamba na 1952, shekarar da Hayes ta kafa kwamitinta, mutanen unguwar East Tremont suka sami takarda cewa su tashi cikin kwana 90, Moses zai ratsa da babbar hanya. Cikin mil guda iyali 1,530 abin ya shafa, yawancinsu Yahudawa 'yan haya, masu aikin ɗinki da ƙananan sana'o'i. Su ma wata matar aure ce ta jagorance su, Lillian Edelstein. Su ma sun tara jama'a, sun cika zauren majalisa. Ba su ma ce kada a yi hanyar ba, roƙonsu a karkata ta kaɗan kudu ta bi gefen filin Crotona, inda iyali 19 kaɗai za a tayar. Wagner ya yi musu alkawari lokacin neman zaɓe, da ya hau ya saɓa. Aka rushe gidajen. Robert Caro ya ba da labarinsu filla filla cikin littafinsa na 1974 a kan Moses.

Me ya raba su? Yawa dai suna da shi, gaskiya ma suna da ita, watakila fiye da ta mutanen dandali, gama su matsuguninsu za su rasa, waɗancan kuwa wurin shan iska. Abin da ba su da shi shi ne jarida tasu, da lauyoyi da malaman jami'a cikin maƙwabta, da matar shugaban ƙasa, da uban jam'iyya wanda wuyansa ke hannunsu. Kuma abin da suka tare ya fi girma: babbar hanya ce da aka riga aka fara, aka zuba mata kuɗi masu yawa, ba guntun titi ba. Akwai kuma abin da na ambata a baya, su ciniki suka shiga, a kan ina hanya za ta bi. Ban ce da sun ƙi ta ɗungum da sun ci ba. Ƙila ba abin da zai cece su. Amma mai nazari ya ajiye labaran nan biyu kusa da juna kafin ya yanke hukunci a kan ikon talaka a birni. Ko a Greenwich Village ma, rushe yankin kudu maso gabas bai fasa ba. An kwashe gidaje da ma'aikatu, an gina benayen, jami'a ta saye su a 1964. Dandali aka ceta, maƙwabtansa na kudu ba duka suka tsira ba.

Wani abu kuma da ya kamata a gyara shi ne rabon yabo. Sabo da Jacobs ta yi suna a duniya, kuma ita ta jagoranci yaƙi na gaba, na hana babbar hanyar da Moses ya so ya ratsa kudancin Manhatan da ita, har aka kama ta a wani taro a 1968, sai mutane su ke ba ta wannan ma. Ita kanta ba ta karɓa ba, cikin littafinta ta ambaci Shirley Hayes da Edith Lyons a kan su ne masu tunanin rufewa. Hayes ta shekara 6 tana maimaita magana ɗaya ana ce mata ba ta san duniya ba, kafin manya su iso.

Bas dai sun ci gaba da juyawa a gindin ƙofar dutse har 1963, sa'an nan aka sāma musu wata hanya, dandalin ya rabu da mota. Titin kudu wanda aka so a kira Titi na Biyar na Kudu bai sami sunan ba, a 1967 aka sa masa sunan tsohon magajin gari La Guardia. Filin da aka ware a gefensa don faɗaɗa shi yana nan, an dasa itatuwa, mutanen unguwa suna noman furanni da kayan lambu a wani sashe. A 2009, ana cikin gyaran dandalin, ma'aikata suka tono dutsen kabarin wani saurayi ɗan ƙasar Ailan, mai shekara 28, wanda ya mutu a 1799.